Zurfafa Ilmin Injiniyan Gine-gine: Fa'idarsa da Sharuɗɗansa ga Ɗan Ƙasar Shinkafi, Ƙaura da Zurmi

Daga cikin mas'alolin da ke kai komo a zukatan samarinmu na ƙasar Shinkafi da Ƙauran Namoda da Zurmi, waɗanda Allah Ya nufa da karatun injiniya na gine-gine da hanyoyi da ruwa, har suka fito da digiri na farko ko babbar difloma, suka kuma sauke nauyin bautar ƙasa, da wuya a sami wadda ta kai wannan nauyi: shin mutum ya koma jami'a neman digiri na biyu, ko kuwa ya faɗa fagen aiki ya nemi abin kansa? Iyaye na da nasu ra'ayi, abokai na da nasu, kowa kuwa yana ba da fatawa gwargwadon abin da ya gani ga wani ɗan'uwa ko maƙwabci. Wannan ya ce ƙarin takarda ƙarin daraja ne, wancan ya ce ga wane can da digiri biyu yana zaman jiran tsammani. Tun da yake mas'ala ce da ke cin shekarun ƙuruciyar mutum da dukiyar gidansu, ta kuma shafi rayukan jama'ar da za su bi ta kan gadar da zai gina, ya cancanta a zauna a warware ta daki-daki, a san haƙiƙanin wannan ilmi, da abin da ƙasarmu ke nema daga gare shi, da inda ake samunsa, da ƙofofin da yake buɗewa da waɗanda ba shi da mabuɗinsu.

Abin da ya kamata a fara tabbatarwa shi ne matsayin wannan ilmi a mizanin shari'a da na hankali, domin kada wani ya ɗauke shi neman duniya tsantsa. Malaman Musulunci, cikinsu har da Imamu Gazali, sun daɗe da hukunta cewa sana'o'in da zaman jama'a ba ya daidaita sai da su, irin su likitanci da lissafi da noma da saƙa, farali ne na kifaya, watau in wasu suka tsaya da su nauyi ya sauka daga kan saura, in kuwa kowa ya yi watsi da su laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje game da ginshiƙan mulki, ya lissafa gina garuruwa da gadoji, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, da kula da masu sana'a, cikin abubuwan da ke wuyan shugaba. Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwar gini ba ce. Maginan da suka ɗaga ganuwoyi da tubali, suka ɗaure soraye da azara babu siminti babu rodi, har Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, sun san nauyi da yadda yake sauka ƙasa ko da ba su rubuta shi da alƙaluma ba. Abin da zamani ya ƙaro shi ne ƙarfe da kankare da hisabi, da girman abin da ake ginawa, wanda kuskure a cikinsa ba ya tsayawa a kan gida guda.

Wannan sabon salo a kan dogo ya iso mana. A shekarar 1929 layin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya, ya ratso Funtuwa da Gusau, ya yi zango a Ƙauran Namoda, ya mai da garin matattarar gyaɗa da auduga na wannan yanki. Amma waɗanda suka auna hanyar suka zana gadojinta Turawa ne, namu kuwa ƙarfin damtsensu aka ɗauka. Haka al'amarin ya maimaitu bayan kusan shekara 50, sa'ad da kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka gama ta a 1978. A tsakanin waɗannan zamunna biyu aka sami 'yan ƙasa ƙalilan da suka kutsa cikin fannin, mafi shahararsu a nan shi ne Injiniya Abdu Gusau, Garkuwan Sakkwato, wanda aka haifa a 1918 ya rasu a 1994, wanda kuma kwalejin fasaha ta Talatar Mafara ke amsa sunansa. Ya soma aiki a ma'aikatar ayyuka ta En'e ta Sakkwato, sa'an nan ya ƙaro ilmi a Yaba, daga bisani a Landan, ya kuma yi wa Jami'ar Ahmadu Bello hidima a sashen gine-ginenta. Karatunsa da aikinsa karɓeɓeniya suka yi, ya yi aiki ya koma makaranta, ya fito ya sake kama aiki. Yau kuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Ƙauran Namoda a 1983 tana yaye masu difloma a wannan fanni a ƙofar gida, ga kuma waɗanda ke dawowa da digiri daga Zariya da Kano da sauran wurare.

Matakan karatun ga yadda suke. Mai bin hanyar jami'a yakan yi shekara 5 kafin ya sami digiri na farko, cikinsu har da watannin da ake tura shi wurin aiki don ya ga abin da ya karanta a aikace. Mai bin hanyar kwalejin fasaha yakan yi shekara 2 ya sami ƙaramar difloma, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya koma ya ƙara 2 ya sami babba. In ya so shiga digiri na biyu, galibin jami'o'inmu sai sun sharɗanta masa wata diflomar share fage tukuna. Digiri na biyu shi kansa yakan ci wata 18 zuwa shekara 2 ga wanda ya duƙufa a kansa, sashe darussa a aji, sashe bincike da rubuta kundi. Na uku kuwa, wanda ake ce wa digirin digirgir, shekara 3 ne mafi ƙaranci, kuma bincike ne kusan zallarsa.

Sai dai akwai wani bambanci da mutane da yawa ke tuntuɓe da shi. Jami'a ilmi take bayarwa da shaidarsa, amma izinin amsa sunan injiniya a gaban doka, da sa hannu da hatimi a kan zanen gini, wannan a hannun Majalisar Kula da Aikin Injiniya ta Nijeriya yake, watau COREN, wadda dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa. Ita kuwa abin da take nema ga mai digiri shi ne shekarun aiki, 4 a ƙa'ida, ƙarƙashin idon injiniya mai rajista, da rahoton ayyukan da ya tsaya a kansu da kansa, da amsa tambayoyi a gaban magabatansa a sana'a, kuma da yawa ta hannun Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1958, suke bi su kai ga wannan. Saboda haka wanda ya tara digiri bisa digiri alhali bai taɓa tsayawa kan zubin kankare ba, a wajen doka bai kai mai digiri guda da ya yi rajista ba. Mai babbar difloma kuwa a wani rukuni dabam na ma'abuta fasaha ake yi masa rajista, shi ya sa ƙarin karatu ke da fa'ida ta musamman ga irinsa, tun da ta nan yake samun matakalar hawa rukunin injiniyoyi, ya kuma kauce wa bambancin da har yanzu ake nunawa tsakanin difloma da digiri a wuraren aiki.

To, in ba izinin aiki digiri na biyu ke bayarwa ba, me yake bayarwa? Misalinsa kamar almajiri ne da ya ɗanɗani kowane fanni a hannun malaman zaure, kana ya zaɓi guda, fiƙihu ko nahawu ko lugga, ya yi tattaki zuwa ga malamin da ya shahara da shi ya zauna har ya ƙware. Digiri na farko yakan ɗora mutum a kan komai kaɗan-kaɗan. Na biyu yakan ƙuntata fage ya zurfafa haƙa. Rassan da aka saba bi biyar ne: ilmin ƙarfin gini, wanda ke lissafin ginshiƙai da gadoji da benaye; ilmin ƙasa da harsashi, wanda ke binciken abin da za a aza ginin a kai; ilmin hanyoyi da sufuri; ilmin albarkatun ruwa da tsaftar muhalli; sai ilmin tafiyar da aikin gini da kayansa. Wanda ya shiga ba tare da ya san wanne yake so da dalilin sonsa ba, yakan fito da takarda, amma ƙwarewar da ita ce maƙasudi ta kuɓuce masa, gama kundin da aka rubuta kan mas'alar da malami ya tsinto wa ɗalibi don kawai a cika sharaɗi, kan kanta yake ƙarewa.

Mas'aloli kuwa ba sai an je nesa nemansu ba, domin ƙasar nan tamu cike take da su, kuma mafi girmansu ruwa ne. Gulbin Gagare da ya biyo ta Ƙauran Namoda, da gulbin Bunsuru da ya gangaro daga ƙasar Katsina ta wajen Zurmi, waɗanda ke shimfiɗa fadamun ƙasar Shinkafi kafin ruwansu ya zama gulbin Rima, suna da ɗabi'a guda: da rani rairayi ne tsantsa da yaro ke ƙetarewa da ƙafa, a watan Agusta kuwa sukan cika su batse cikin dare ɗaya. Injiniyan da zai zana gada ko kwalbati a kan irin wannan ruwa, tilas ya ƙaddara mafi girman ambaliyar da ginin zai jure, wadda ake kira ta shekara 25 ko ta shekara 50. Ma'anar ta shekara 50 kuwa ita ce a kowace damina akwai yiwuwar kashi 2 cikin 100 ta auku, har tana iya zuwa shekara biyu a jere. Wannan hisabi ba ya inganta sai da awon ruwan sama da awon tashin gulbi na shekaru masu yawa, alhali bayanan da ake da su game da ƙananan gulabenmu kaɗan ne kuma masu giɓi. Idan babu awo sai a koma ga ƙiyasi da wani gulbi na wata ƙasa, in aka yi rashin sa'a kwalbati ya zama ƙarami, ruwa ya hau ta kansa ya yanke hanya. Ko gada ta isa girma ma, ruwa mai gudu cikin rairayi yakan rarake gindin ginshiƙanta a ɓoye, har ta zauna alhali samanta lafiya lau. Sanin zurfin da wannan raraka za ta kai a gulbin Bunsuru, musamman bayan madatsar Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma ta sauya yadda ruwa ke sauko masa, aiki ne na mai zurfin ilmi wanda kuma ya san wurin.

Tarihin madatsunmu ma ya ishe mu wa'azi. A ƙarshen Satumba na 2006 madatsar ruwan Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwan sama, aka yi hasarar rayuka da gidaje; a Satumba na 2010 ambaliyar gulbin Rima a ƙasan madatsar Goronyo ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo; a Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Duk waɗannan na nuna cewa gina madatsa somin taɓi ne, babban aikin shi ne kula da ƙofofinta, da auna laka da yashin da ke cike cikinta shekara bisa shekara, da sanin lokacin da za a saki ruwa da gwargwadonsa. Bakolori kuma ta koyar da wani darasi dabam. An tare ruwa mai yawan da ya kai kimanin mita kubik miliyan 450 don noman rani, amma manoman da aka tasa daga gonakinsu suka yi bore kan diyya, har aka zubar da jini a Afrilu na 1980, manoman fadama na ƙasan madatsar kuma suka ga ambaliyar da ke shayar da shinkafarsu ta ragu. Lissafin kankare ya yi daidai, na mutane ne aka yi sakaci da shi. Ɗan ƙasa da ya tashi cikin fadama, ya san abin da malalar damina ke nufi ga mai shinkafa da mai su, yana da wani ido da baƙo ba shi da shi, muddin ya haɗa shi da ilmi.

Haka kuma ƙarƙashin ƙasar tamu ba iri ɗaya ba ne. Ƙauran Namoda da Zurmi galibinsu bisa tsohon dutse suke zaune, inda rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai an dace da tsagar dutse ko inda ya rududduge. Daga wajen Shinkafi zuwa arewa da yamma kuwa ana shiga shimfiɗar yashi da yumɓu ta kwarin Sakkwato, inda ruwa ke kwance cikin jikin ƙasar kanta. Dabarar da ta yi a nan sai ta ƙi a can, kuma rijiyoyin da aka haƙa aka ƙaddamar da biki suka ƙafe bayan rani biyu shaida ne ga haka. A ƙasar Kenya, a yankunan Kitui da Machakos masu gulabe irin namu, an daɗe ana gina gajeriyar katanga a gicciye cikin gulbi, yashi ya taru a bayanta ya riƙe ruwa a cikinsa har rani ya ratsa, rana ba ta shanye shi ba, sauro bai hayayyafa a kansa ba. Ko wannan dabara za ta yi a ƙoramun Zurmi, da inda za ta yi da inda ba za ta yi ba, mas'ala ce da ta isa kundin digiri na biyu mai amfani. Haka binciken marmarar da ake cike hanya da ita, wane rami ne nata ke ɗaukar nauyin tirela wane ne ke narkewa da ruwan farko, da yadda kankare ke shan wuya in an zuba shi cikin zafin Afrilu ba a shayar da shi ba, tun da sai ya cika kwana 28 ake ɗaukar ya kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Wuraren neman wannan ilmi kuwa, mafi kusa kuma mafi daɗewa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962 ta gaji koyar da aikin injiniya daga kwalejin da ta gabace ta, kuma tana da sashe mai zaman kansa na albarkatun ruwa da muhalli. Sai Jami'ar Bayero ta Kano. Ga mai son gajeren horo na sana'a akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna da Cibiyar Fasahar Sufuri a Zariya. A ƙetare kuwa, masu sha'awar ruwa sukan nufi cibiyar Delft ta ƙasar Holan, ko makarantar 2iE ta Wagadugu a Burkina Faso, wadda yanayin ƙasarta ya fi kama da namu, wasu kuma Maleshiya ko Saudiyya ko Ingila. Kowane ɓangare da illarsa. A gida kuɗi da sauƙi, kuma mutum na iya haɗa karatu da aiki, amma yajin aikin malamai, irin na 2022 da ya ci wata 8, da ƙarancin kayan ɗakin gwaji, da yawan ɗalibai a hannun malami guda, sukan mai da shekara 2 ta zama 3 ko 4. A waje kayan aiki sun wadata, lokaci kuma ba ya saɓawa, amma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin ya fi ƙarfin yawancin gidaje, har asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman makarantun gaba da sakandare, ya dakatar da tura sababbi ƙetare daga farkon 2025. Abin da ya rage shi ne guraben tallafi na gasa, irin na Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila da na Jamus, su kuwa sun fi karkata ga wanda ya zo da sakamako mai kyau da shekarun aiki da mas'ala bayyananniya. Ko ina mutum ya nufa, binciken malamin da zai duba kundinsa ya fi binciken sunan jami'ar muhimmanci.

Sa'an nan sai batun makoma, wanda shi ne ainihin abin da ke hana iyaye barci. Ƙofofin aiki ga mai wannan ilmi ba su da nauyi ɗaya wajen kimanta digiri na biyu. Ga mai son koyarwa a jami'a ko kwaleji, wajibi ne wanda babu makawa, kuma a jami'a ba a yin nisa sai da na uku. Ga kamfanonin ba da shawara, waɗanda ke zana gadoji da madatsu su kuma duba aikin 'yan kwangila a madadin gwamnati, yana da daraja ƙwarai, domin ƙwarewa ce hajarsu; haka ga ayyukan da Bankin Duniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ɗaukar nauyi, irin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da aka amince da shi a ƙarshen 2021 don yaƙi da zaizayar ƙasa da ƙarancin ruwa a jihohin Arewa, inda sau da yawa akan sa digiri na biyu cikin sharuɗɗan neman aiki. A aikin gwamnati kuwa, ko Ma'aikatar Ayyuka a Gusau, ko hukumar ruwan sha, ko sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, ko hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA, ko Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, yana taimakawa, amma rajista da shekarun aiki su ne ke ɗaga mutum ya wuce wani mataki. Ga kamfanonin kwangila kuma, tambayarsu ita ce wane aiki ka taɓa riƙewa, ka iya karanta zane ka fitar da shi a ƙasa, ka iya tafiyar da birkiloli da leburori da direbobin tifa, ka iya na'urar safiyo da manhajojin zane na kwamfuta? Mai kafa nasa kuwa, ko gidan bulo ko haƙar rijiyoyi ko ɗakin gwajin ƙasa da kankare, jari da amana da sanin kasuwa ne gaba gare shi.

A nan ya zama dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci, ita ce buƙatar jama'a dabam, gurbin aiki dabam. Babu mai musun cewa hanyar da ta tashi daga Ƙaura ta bi Shinkafi zuwa Isa da Sabon Birni, da wadda ta bi Zurmi zuwa Jibiya, da dogon da jirgi ya daina zirga-zirga a kansa, da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis da fatake ke nufa daga nesa, duk suna kukan neman injiniya. Amma kuka ba ya biyan albashi sai an ware kuɗi a kasafi an kuma sake su. Ga kuma fitinar 'yan bindiga, wadda ta kai ga rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a Zamfara a Satumba na 2021, ta sa kamfanoni ɗari-ɗarin kai ma'aikata da katafila daji. Manyan ayyukan da ke gudana a maƙwabta, kamar dogon Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, wanda aka aza harsashinsa a 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal, da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri da aka ƙaddamar a 2024, suna ɗaukar mutane, sai dai aikin kwangila yana ƙarewa da ƙarewar kwangilar. Saboda haka ɗan wannan yanki ya sa a ransa cewa shekarun farko na sana'arsa mai yiwuwa a Kano ko Kaduna ko Abuja zai yi su, kuma babu aibu a ciki. Aibun shi ne ya manta da gulaben gida sa'ad da ya zo zaɓen abin da zai ƙware a kai, gama ranar da ƙura ta lafa aka tashi gyaran abin da ya lalace, wanda ya san wurin kuma yake da shaidar ƙwarewa shi za a nema, in ba a same shi ba a ɗauko wani daga nesa kamar yadda aka saba.

Akwai kuma abin da jami'a ba ta iya sa wa mutum a kundi, shi ne amana. Sa hannun injiniya shaida ce, kuma shaidar zur a nan takan bayyana ne bayan shekaru, a kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Ikko a Nuwamba na 2021, ya hallaka mutum sama da 40, ya faɗi ne a birnin da ke cike da masu digiri. Rage siminti a kwaɓi, da sirantar da rodi, da tsuga ruwa a kankare don ya yi saurin zuba, da karɓar aikin da ba a daddale cikonsa ba, mai yinsu ya san hukuncinsu tun a ajin farko. Zurfin ilmi na ƙara wa mutum hujjar da zai tsaya a kanta ya ce wa mai kwangila ko mai mulki wannan ba zai yiwu ba, amma ƙarfin halin faɗin haka daga tsoron Allah yake fitowa.

Bilhasali, hukuncin mas'alar ya bambanta da bambancin masu tambaya. Wanda ya fito da sakamako mai kyau, zuciyarsa kuma ta karkata ga koyarwa da bincike, ya wuce kai tsaye, jinkiri hasara ne gare shi. Mai babbar difloma da ke son hawa rukunin injiniyoyi, ya nemi diflomar share fage da COREN ta amince da ita, ya tabbatar da amincewar tun kafin ya biya kuɗi. Amma mafi yawan samari da 'yan matanmu, abin da ya fi musu shi ne su fara da aiki, ko da albashinsa bai taka kara ya karya ba, su yi shekara 2 ko 3 a rana da ƙura, su tara abin da za su kai gaban COREN, har su ci karo da mas'alar da iliminsu na farko ya kasa warwarewa, sa'an nan su koma jami'a da ita a hannu. Wanda kuwa yake son komawa don kawai ya gaji da zaman gida, ya sani shekara biyu zai saya da kuɗin iyayensa, ya fito ya tarar da tambayar da ya gudu daga gare ta tana nan.

Nauyi kuma bai tsaya kan ɗalibai kaɗai ba. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin nan uku, da attajiran da Allah Ya buɗa wa, in sun tashi ba da tallafin karatu ko kafa waƙafi, ya kyautu su ɗaura kowane gurbi da wata mas'ala sananniya, wannan ya binciko ambaliyar Gagare, wancan ruwan ƙarƙashin ƙasar Zurmi, wani kuma marmarar hanyoyinmu, a kuma ajiye sakamakon a kwalejin Ƙauran Namoda inda kowane mai zane zai iya samunsa. Kafa sandar awo a gindin kowace babbar gada, da sa wanda zai riƙa rubuta tashin ruwa safe da yamma duk damina, kuɗinsa bai kai na kwalbati guda da ruwa ya tafi da shi ba, kuma bayan shekara 20 shi ne zai zama jarin duk wanda zai gina wani abu a kan waɗannan gulabe. Allah Ya ba shugabanni ikon farawa, Ya ba masu neman ilmi dacewa da mai amfaninsa.